Rijiyoyi Biyu Na Woburn: An Zuba Cikin Minti, Ana Kwasa Shekara Talatin

Ran 22 ga Mayu 1979 hukumomin jihar Masacusets a Amurka suka sa aka kashe injinan wasu rijiyoyin burtsatse guda biyu a garin Woburn, ɗan ƙaramin gari ne arewa da Boston, kuma har yau ɗin nan da nake rubutu ba a sake sha daga cikinsu ba. Sunansu ma ba wani suna bane, G da H kawai. G ta fara aiki 1964, H kuma 1967, an haƙa su ne a fadamar kogin Aberjona dan garin na ƙara girma ruwa baya isa, musamman in zafi yayi. In suna aiki sukan bada kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan garin, kuma mafi yawansa unguwannin gabas yake tafiya.

Yadda aka gano matsalar ma sa'a ce kawai. An wayi gari an tarar wani ya jibge durom 184 na sharar masana'anta a wani fili, sai jami'an jiha sukace bari dai a gwada rijiyoyin dake kusa ko ya shafe su. Abin da ke cikin durom ɗin bai shiga ruwan ba. Amma gwajin ya tono wani abu daban wanda ba shi aka je nema ba, wato sinadarin TCE, maikrogiram 267 (maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace lita a rijiya G, tare da ɗan'uwansa PCE. Iyakar da Amurka ta zo ta saka daga baya ga ruwan sha maikrogiram 5 ce ga kowannensu. Kaga kenan sama da ninki 50.

Toh menene su waɗannan abubuwa? Ruwa ne fari ƙal mai ɗan ƙamshi, aikinsa narkar da maiko. TCE da shi ake wanke giris da baƙin mai a jikin ƙarfe kafin ayi masa fenti ko walda, PCE kuwa shi ne ruwan da masu dirai kilin suke wanke kaya da shi. Masana'antu sun so su sosai sabida basa kama wuta da sauƙi, suna bushewa nan da nan, ga arha. Kuma a wancan zamanin in an gama aiki da shi ya yi datti, abin da yawa suke yi shi ne a fita bayan gini a kwara a ƙasa, ana ganin ai zai tashi a iska. Wani yana tashi, gaskiya ne. Sauran kuwa ƙasa yake yi.

A nan ne duk wahalar take, kuma duk wanda bai gane wannan ba bazai gane dalilin da yasa aikin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ba. Fetur ko gas in ya zube ya kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai ya tsaya a sama yana yawo kamar mai a kan miya, kana iya binsa ka yaɗe. TCE ya fi ruwa nauyi, lita ɗaya kilo 1.46 ce, PCE ya ma fi, wajen 1.62. Saboda haka in ya iso ruwa baya tsayawa, ratsawa yake ya cigaba da nutsewa, ya bi tsakanin yashi da tsakuwa yana barin ɗigo-ɗigo a duk inda ya wuce, in ya tarar da shimfiɗar yumɓu ya kwanta a kai ya bi gangarenta, wanda ba lallai ya zama inda ruwan ke gangarawa ba, in kuma ya kai ga dutsen can ƙasa ya sami tsaga sai ya shige, tsagar da wata ko kaurin gashi bata kai ba. Daga nan sai ya zauna abinsa. Baya narkewa da yawa a ruwa, amma ɗan abin da yake narkewa ya fi ƙarfin a sha nesa ba kusa ba. Yi lissafin da kanka: lita ɗaya tak ta TCE in ta narke duka, ta isa ta kai lita miliyan 290 na ruwa ga waccan iyakar ta maikrogiram 5. Lita ɗaya fa. Durom guda kuwa maganar biliyoyin lita ake.

Mutanen gabashin Woburn tun rijiyoyin na sababbi suke kuka da ruwan. Wari, ɗanɗano mara daɗi, yana ɓata wanki, yana cin bututu. Sai a rufe rijiyoyin, in ruwa yayi ƙaranci a sake buɗewa, ana ce musu an gwada lafiya lau yake. Adalci dai a faɗa, warin da suke ji yawanci na kulorin ne da ƙarfen dake cikin ruwan, TCE a wannan adadin harshe baya kama shi, kuma gwajin da akeyi lokacin na ƙwayoyin cuta ne, ba'a neman irin waɗannan sinadarai. Amma wannan bai wanke kowa ba a ganina, dan tun 1958 injiniyoyin da garin ya ɗauka aiki suka rubuta cewa ruwan wannan kwarin ya gurɓace bai dace da sha ba. Gari ne da ya shekara fiye da ɗari yana jimar fata da sarrafa sinadarai a bakin wannan kogin. An sani, aka haƙa.

Sai ga ciwo. A farkon 1972 likitoci suka cewa wata uwa, Anne Anderson, ɗanta ƙarami yana da sankarar jini. Tana zuwa asibiti a Boston tana haɗuwa da maƙwabta a ɗakin jira, wannan daga layinsu, wancan daga layi na gaba, har ta fara cewa anya ba ruwan nan bane? Shekaru ana mata kallon wadda baƙin ciki ya taɓa. Limamin cocinsu ne ya taya ta, bayan an rufe rijiyoyin suka tara iyaye suka ɗauko taswira suka riƙa sa alama gida-gida. A watan Janairun 1981 rahoton hukumomin lafiya ya tabbatar yara 12 suka kamu tsakanin 1969 da 1979, alhali a gari mai wannan girman wajen 5 ake tsammani, kuma 6 daga ciki a yanki ɗaya suke na gabas. A wannan watan ɗan nata ya rasu. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai na ɗan tsaya.

Iyalai takwas suka shiga kotu a 1982. Manyan waɗanda ake ƙara su ne W.R. Grace, mai wata masana'antar ƙera injinan naɗe abinci a arewa maso gabashin rijiyoyin, da Beatrice Foods wanda ya sayi wata majema a 1978 haɗe da fili eka 15 a tsallaken kogi inda aka daɗe ana zubda durom-durom. UniFirst, masu wankin kayan ma'aikata, sun yi sulhu tun kafin a fara shari'a da dala miliyan ɗaya da 'yan kai. An yi kwana 78 ana sauraro a 1986, kuma abin mamaki kusan duk a kan ƙasa da ruwa aka yi, iyayen ko hawa akwatin shaida basu samu yi ba, domin alƙali ya raba shari'ar yace a fara tabbatar da cewa sinadarin ya taso daga can ya iso rijiya, kuma yaushe. Grace sukace ƙasar dake ƙarƙashinsu tauri gareta, ruwa baya gudu a ciki, ko sun zubar bai isa rijiya kafin 1979 ba. Beatrice sukace ai kogi ya shiga tsakani, ruwan ɓangarensu baya tsallakewa. Masu taya alƙali yanke hukunci, mutane ne gama-gari, aka ɗora musu tambayoyin wata da shekara waɗanda masana ma basu haɗu a kai ba. Suka kama Grace suka saki Beatrice. Kafin aje mataki na gaba aka yi sulhu da Grace a kan kusan dala miliyan 8, ba tare da sun amsa laifi ba. A 1988 ne kamfanin ya amsa laifin yiwa hukumar kare muhalli ta EPA ƙarya kan sinadaran da yayi amfani da su, tarar dala 10,000.

Maganar kogin nan ita ce ta fi ja hankalina. Ƙarshen 1985 zuwa farkon 1986 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta sake kunna G da H na kwana 30, ba dan a sha ba, dan dai a ga ina suke jawo ruwa. Aka riƙa auna zurfin ruwa a ƙananan rijiyoyin gwaji dake kewaye. Sai aka ga in injinan na aiki ruwa yana sauka har a tsallaken kogi, wato rijiyoyin suna zuƙo ruwa ta ƙarƙashin kogin, kuma shi kansa kogin yana rasa ruwa yana tsiyayewa cikin ƙasa zuwa wajensu. Kaga katangar da akace kogi yayi babu ita. Rijiya mai injin bata san iyakar fili ba, duk abin da ke cikin da'irar da take ja, naka ne ko na maƙwabci, zai zo bakin famfo.

EPA bata jira kotu ba. Dokar da ake kira Superfund ta fito a Disamba 1980, kuma ƙarfinta shi ne duk wanda ya mallaki fili ko ya zuba shara a ciki ana iya kama shi ya biya kuɗin gyara, ko da lokacin da ya zuba babu dokar da ta hana. An saka wajen, eka 330, a jerin wuraren da suka fi gurɓata a 1983. Bincike ya fito da tushe biyar, ba biyu ba: filin Grace, na UniFirst, filin nan eka 15 da ake kira Wildwood, New England Plastics, da Olympia. An tsaida tsarin gyara a 1989, a 1991 aka sa hannu kan yarjejeniyar kusan dala miliyan 70, kuma Beatrice ɗin da kotu ta saki, shi ya ɗau kaso mai tsoka. Duba tazarar: 1979 aka rufe rijiya, injin tace ruwa na farko sai 1992 ya fara juyawa. Shekara 13 abin yana can yana bazuwa.

Kowane fili da irin maganin da aka masa, sabida ƙasar ba ɗaya bace. A Grace an tono durom ɗin da aka binne tun 1983, sannan aka jera rijiyoyi a gefen fili da inda aka fi zubarwa suna zuƙo ruwa. A UniFirst, inda aka taɓa ajiye PCE a babban tanki har ya zube, an sami ruwan sinadarin tsantsarsa a wata rijiyar gwaji, kuma ya riga ya shige tsagogin dutse, sai aka haƙa rijiya mai zurfi cikin dutsen tana ja dare da rana. Ruwan da aka zuƙo da farko ana haɗa shi da wani sinadari, haidurojin feroksaid, a haska masa fitila mai ƙarfi ta farfasa sinadarin, daga baya aka koma kan gawayi. Ba gawayin girki ba, wani ne da aka gasa na musamman har ya zama duk ƙofofi, ruwa ya shiga tanki ta sama ya fita ta ƙasa sinadarin ya manne a jiki. Tanki biyu ake jerawa a gwada ruwan tsakaninsu, ran da aka ga na farko ya fara zubarwa an san ya ƙoshi, sai a canja shi, na biyun yana tare.

A Wildwood an kwashe durom da tarkace da ƙasar da ta fi lalacewa aka kai wani waje, sannan daga 1998 aka yi amfani da halin sinadarin kansa a kansa. Tunda yana son tashi a iska, sai a hura iska ta bututu can ƙasan ruwa, kumfa ta taso tana ɗauko shi, a sama kuma ga wasu bututun da injin ke tsotsar iskar dake cikin ƙasa kafin ta fita sarari, a bi da ita ta na'urar tacewa. Kamar ka sa tsinken shan lemo a kofi ka hura. New England Plastics ma tsotsar iskar aka yi, kuma can bai ɗau lokaci sosai ba. Wannan dabara tana ci a yashi, amma a laka mai laushi iska bata ratsawa, hanya ɗaya take samu ta bi ta bar sauran. Shi yasa a Olympia, inda TCE ya maƙale a irin wannan ƙasar, aka zagaye wajen sannan daga 2005 aka riƙa ɗura famanganet, wani ruwa mai launin shunayya da yake ƙona sinadarin a inda yake ba sai an fito da shi ba. Launin ma yana taimako, in ka ɗebo ruwa a rijiyar gwaji ka ga shunayya maganin ya iso nan, in ka ga fari bai zo ba ko ya ƙare. Kuma ba sau ɗaya ake ɗurawa ba, sai an yi ta maimaitawa.

Ni dai abin da na ɗauka daga wannan lamari shi ne zuƙo ruwa a tace ba wanke ƙasa bane, tarewa ce. Yana da amfani ƙwarai, yana hana dattin ƙetare iyaka ya shiga ƙarƙashin gidajen mutane, amma tushen yana nan. Shekarun farko zaka ga adadi yana faɗuwa da sauri kowa na murna, sai ya kai wani waje ya tsaya cak ya ƙi sauka, ka kashe injin wata biyu ka dawo ka tarar ya sake hawa. Dalili kuwa cikin shekarun da ya yi a ƙasa sinadarin ya jiƙa cikin yumɓu da jikin dutse, in ka share ruwan dake gudu sai su fara amayo shi a hankali, kamar tukunyar ƙasa da aka daɗe ana zuba kananzir, ko sau nawa ka ɗauraye in ka zuba ruwa ya kwana sai ka ji shi. A 1994 wani kwamitin masana na ƙasar Amurka ya duba wurare 77 da ake wannan aikin, 8 kawai akace sun kai inda ake so. Na Woburn sun haura shekara 30 suna aiki.

Akwai wata hanyar da ilimi ya kawo daga baya wadda nake ganin ya kamata a sani ko da ba ita ce ginshiƙin aikin Woburn ba. Wasu ƙwayoyin halitta dake rayuwa inda babu iska suna cire kulorin daga jikin sinadarin ɗaya bayan ɗaya: PCE mai kulorin huɗu ya koma TCE mai uku, ya koma mai biyu, ya koma banil kuloraid mai ɗaya, a ƙarshe ya zama iskar etin wadda bata da wannan illar. Ana ciyar da su da abu mai zaƙi ko mai maiko a ɗura a ƙasa. Haɗarin shi ne in aikin ya tsaya a rabi, dan banil kuloraid ɗin nan ya fi iyayensa mugunta. Ƙwayar da aka sani tana kai aikin har ƙarshe ita ce Dehalococcoides, in babu ita a wajen sai an kawo ta. Saboda haka raguwar TCE a takardar gwaji kaɗai ba abin tafi bane, sai ka duba me ya koma.

Shi kansa gwajin ba wasa bane. Mai ɗaukar samfuri yana zuƙo ruwa a hankali kar ya girgiza, ya cika 'yar kwalba mililita 40 har ruwan yayi tozo a baki, ya rufe, ya kifa ta ya ɗan buga da yatsa. In yaga kumfa ko ɗaya ya zubar ya sake, sabida wannan 'yar iskar ta isa sinadarin ya gudu cikinta sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Sai a sa a ƙanƙara a ruga ɗakin gwaji. A kan irin waɗannan kwalabe ake yanke shawarar miliyoyin dala.

Ana ganin an gane kan abin kuma sai wata ƙofa ta buɗe. Tururin sinadarin yana tasowa daga ruwan ƙasa ya bi tsagar daɓe ya shiga ɗaki, mutum bai sha ba bai yi wanka da shi ba amma yana shaƙa. Tsarin 1989 bai ba wannan muhimmanci ba. Wajen 2010 zuwa 2011 EPA ta koma tana huda daɓen gidaje da gine-ginen dake kusa da UniFirst da Grace tana auna iskar ƙasa da ta ɗaki, kuma daga baya aka ƙara injin tsotsar iska a UniFirst. Inda aka ga yana shiga, maganin bututu ne a ƙarƙashin daɓe da fanka mai jan iskar ta fitar ta saman rufi.

Game da ciwon kuwa, binciken jami'ar Harvard na 1984 ya ga alaƙa tsakanin yawan ruwan G da H da gida ya samu da kamuwar yara, aka yi ta jayayya a kai. Na ma'aikatar lafiyar jiha da ya fito 1997 ya ƙirga yara 21 daga 1969 zuwa 1986, ya kuma nuna haɗarin ya fi yawa ga waɗanda uwayensu suka sha ruwan suna da ciki, ko da yake yaran kaɗan ne ta fuskar lissafi shi yasa masana ke taka-tsantsan da alƙaluman. Bayan wasu shekaru da rufe rijiyoyin adadin masu kamuwa ya koma daidai da na ko'ina. A 2012 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa TCE a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, musamman ta ƙoda, a Disamba 2024 kuma EPA ta fitar da dokar hana amfani da shi. Woburn yanzu tana shan ruwa daga wasu rijiyoyin a wani ɓangaren gari da kuma bututun babbar hukumar ruwa ta yankin Boston, su kuwa ma'aikata har yanzu suna zagaya rijiyoyin gwaji a kwarin Aberjona da 'yan kwalabensu, duk shekara biyar EPA ta sake duba fayil ɗin.